Yara Biyar a Rajistar Jasenik

Shekara uku Nevenka ta yi a kujerar iyaye ta kwamitin makarantar Orlovac, kuma ba ta taɓa fashin zama ba. Ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, a bayan taraktar maƙwabcinta ta iso, ta shiga ɗakin taro takalmanta na ɗigar ruwa. Mutum bakwai ne a kwamitin. Uku ƙaramar hukuma ke turowa, biyu malamai ke zaɓa a tsakaninsu, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na iyaye. Su ke zaɓen shugabar makaranta, su ke sa hannu a tsarin karatun shekara, su ke cewa a gyara rufin nan bana, wancan ya jira baɗi. A ƙarƙashinsu akwai babbar makaranta ta cikin gari da rassa uku a ƙauyuka. A da rassan huɗu ne. An rufe na huɗun tun kafin zuwan Nevenka, yanzu wani manomi ke ajiye buhunan taki a ciki.

Reshen Jasenik, ƙauyensu, shi ne mafi ƙanƙanta. Aji ɗaya ne da murhun itace a kusurwa, sai ɗan ɗakin malama, sai fili mai itatuwan tuffa uku. A nan Nevenka ta koyi rubuta sunanta, a hannun Malama Smilja, lokacin suna su ashirin da shida ana zama uku-uku a benci. Har yanzu Malama Smilja ce a wurin, gashinta ya yi fari, saura mata shekara uku ta yi ritaya. Amma yara biyar ne kawai a rajista. Biyu na Milka, ƙawar Nevenka tun suna 'yan mata. Ɗaya jikan tsohon da ke gyaran tarakta. Biyu na Nevenka: Tena a aji uku, Lovro a aji ɗaya.

Kowa a ƙauyen ya san muhimmancin biyar ɗin nan, har tsofaffin da ba su da kowa a makaranta. Gunduma ba ta bai wa reshe malami idan yaransa ba su kai biyar ba. Bana babu mai gamawa, babu kuma mai shigowa, don haka biyar ɗin za su kai baɗi daidai.

Duk da haka, a watan Janairu wakilan ƙaramar hukuma suka kawo shawarar a rufe reshen. Dinko, mai shagon kayan gini, shi ya karanta. Ya ce bas na wucewa ta Jasenik kowace safiya, ya ce rufin yana yoyo, ya ce yara biyar 'yan aji daban-daban a ɗaki ɗaya ba karatu ba ne, zaman gida ne da allo. Shugaban kwamitin, Vinko, tsohon likitan dabbobi, ya ce a ɗage ƙuri'a zuwa Maris a ji ta bakin jama'a.

Nevenka ta ɗaura ɗamara. Ta bi Jasenik gida-gida da takarda, ta sha kofi a gidaje talatin da ɗaya har zuciyarta ta riƙa bugawa da ƙarfi, ta samo sa hannun kowa, har na wata tsohuwa da ta ce ba ta gani amma a nuna mata wurin. Ta tara sauran mazan da ba su tafi neman aiki ƙasashen waje ba suka hau rufin ranar Asabar. Ta je gidan Kata, mai shara a babbar makaranta kuma wakiliyar ma'aikata, ta same ta tana naɗa ganyen kabeji da nama, ta zauna ta taya ta har suka cika tukunya. Kata ta ce ita ma 'yar reshen da aka rufe ce, ba sai an roƙe ta ba. Malaman biyu suka yi alkawari. Da ita kanta huɗu ke nan cikin bakwai. Dinko, duk inda ya gan ta, sai ya ƙame ya sara mata yana kiranta Janar.

Abin da babu wanda ya sani shi ne abin da ke faruwa a gidanta.

Mijinta Zlatko ya shekara huɗu a Jamus yana shimfiɗa tayil. Yana zuwa Kirsimeti, da Ista, da mako biyu a Agusta. Kirsimetin da ya wuce, da ya shigo da jakunkunansa ya buɗe hannu, Lovro ya lafe a bayan uwarsa, ya miƙa masa hannu daga nesa kamar yadda ake gaida baƙo. Zlatko ya yi dariya a lokacin. Washegari yana faskare a bayan gida ya gaya wa Nevenka ya samu gida mai ɗaki biyu kusa da wata makaranta, yana so su taho. Ta ce a bari Tena ta gama aji huɗu, ajin ƙarshe a reshen. Ya ce kafin nan Lovro zai fara kiransa da sunansa. Suka yi ta ja, har ya koma ba su daidaita ba.

A farkon Fabrairu ya kwana uku bai kira ba. Wani abokin aikinsa ne ya buga mata ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, su kuma tun asuba suke fita, sai da yamma suke tarar da shi yadda suka bar shi, ko ruwa bai iya tashi ya ɗauka ba. Da ya farfaɗo ya kira ta, muryarsa kamar ta tsoho. Bai tayar da maganar ba. Ita ce ta ce masa to, idan an rufe makaranta a Yuni za su shirya.

Ta ajiye wayar ta fita ta ba kaji hatsi, ta dawo ta ɗauki takardar sa hannun ta ci gaba da zagaye. Ba ta ɗauki kanta maƙaryaciya ba. Ta gaya wa kanta idan ƙuri'a ta wuce a Maris, gunduma za ta ware malama ta shekara guda, kuma kafin Satumba komai na iya faruwa. Ana raɗe-raɗin ƙanin Milka zai dawo daga waje da 'ya'yansa uku. Shekara biyu ke nan ana wannan raɗe-raɗin, amma ta riƙe shi. Wata rana a tsakiyar Fabrairu, ta je ɗaukar yara, Malama Smilja ta tsayar da ita a bakin ƙofa ta tambaye ta tsakani da Allah ko tana ganin za su tsira. Nevenka ta ce mata ƙuri'u huɗu suna hannu, ta kwantar da hankalinta. Malamar ta ce shi ke nan, ta gode.

Zaman Maris ya faɗo ranar Alhamis, ƙarfe huɗu. Nevenka ta iso da wuri da jawabinta shafi biyu a jaka. Tana hawa matakala sakatariya ta ce shugaba na son ganinta.

Dubravka, shugabar makarantar, ba mace ce mai yawan magana ba. Nevenka na cikin waɗanda suka zaɓe ta, suna girmama juna ba tare da sun zama ƙawaye ba. Ta rufe ƙofar ofis da kanta, ta tura mata takarda a kan tebur. Da Jamusanci aka rubuta, amma sunayen ba sa bukatar fassara: Tena da Lovro, da ranakun haihuwarsu. Makarantar can ce ke neman bayanan karatunsu. Zlatko, cikin ɗoki, ya je ya yi musu rajista tun kafin lokaci don kada gurbi ya ƙare.

Nevenka ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Jiya ta iso," in ji Dubravka. "Babu wanda ya gani sai ni da sakatariya. Ba zan karanta ta a gaban mutane ba. Amma ba zan sa hannu a takardar da ke cewa biyar ba, Nevenka, alhali na san uku ne."

Nevenka ta ce ai ba su tafi ba tukuna, har yanzu sunayensu na rajista, doka ba ta ce a cire yaro tun bai tafi ba. Dubravka ta yarda haka ne. Ta ce amma idan aka buɗe a Satumba da yara uku, gunduma za ta rufe reshen cikin mako biyu, a kwashe yaran a tsakiyar zango, ba kujera da aka tanada musu, ba tsarin bas, kuma daga ranar babu wanda zai sake yarda da lissafin Orlovac idan aka zo kare sauran rassa biyun.

"Za ku tafi ko ba za ku tafi ba?"

"Za mu tafi."

"To gara su ji daga bakinki."

A ɗakin littattafai ake zama, an haɗa tebura biyu. A kujerun baya, inda ake barin jama'a su zauna su saurara, akwai mutanen Jasenik kusan goma, sun sa kayan zuwa coci. Milka na gaba, ta ɗaga mata babban yatsa. Malama Smilja na gefe da jakarta a cinya. Da Nevenka ta shigo Dinko ya miƙe rabi ya ce a ba Janar hanya, ta zo da runduna. Aka yi dariya, har Vinko.

Aka karanta bayanan zaman baya, aka amince. Aka yi maganar tukunyar ɗumama ajujuwa ta babbar makaranta, aka yi maganar wanda zai raka 'yan aji takwas yawon buɗe ido. Nevenka ba ta ji ko ɗaya ba. Da aka iso batu na huɗu, Dinko ya maimaita abin da ya faɗa a Janairu, a taƙaice, kamar wanda ya san ya riga ya sha kaye. Vinko ya juyo ya ce wakiliyar iyaye tana da magana.

Ta miƙe. Ta ciro jawabin, ta buɗe, ta ga layin farko da ta yi ta gyarawa, sai ta ninke shi.

"Tena da Lovro ba za su kasance a nan ba a Satumba," ta ce. "Za mu bi babansu. Tun Fabrairu na sani."

Ana jin yara na buga ƙwallo a filin waje. Can Milka ta tambaya daga baya, a hankali, ko ta ce tun Fabrairu. Vinko ya fara cewa masu sauraro ba sa magana sai an ba su izini, bai ƙarasa ba. Milka ta ɗauki rigar sanyinta ta fita, mutum huɗu suka bi ta.

Vinko ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi shugaba ko za a iya neman alfarma a bar reshen da yara uku. Dubravka ta ce da safen nan ta kira gunduma ta tambaya ba tare da ta ambaci suna ba, an ce ana yi wa tsibirai da ƙauyukan kan dutse, ba a yi wa inda bas ke wucewa. Ɗaya daga malaman ya tambaya ko za a ɗage. Aka ce jerin malaman baɗi zai tafi gunduma ƙarshen wata. Dinko yana ta juya biro a hannu, idonsa a kan tebur.

Aka ce masu goyon bayan rufewa su ɗaga hannu. Biyar suka ɗaga, malaman biyu a ƙarshe, ba su kai hannun sama sosai ba. Aka ce waɗanda suka ƙi. Kata ta ɗaga nata, jajayen yatsunta a miƙe, ta juyo tana jiran Nevenka. Hannayen Nevenka na kan cinyarta, ta rasa ta wane gefe take da ikon ɗaga su. Vinko ya ce, "'Yata, ke fa?" Ya sake tambaya. Daga ƙarshe ya ce wa sakatariya ta rubuta cewa ɗaya ba ta kaɗa ba.

Bas ɗaya ne ke zuwa Jasenik da yamma. Waɗanda suka fita da Milka sun tafi a motar wani. Nevenka ta shiga ta wuce can baya. Malama Smilja ta shigo bayanta, ta duba kujeru fiye da ashirin da babu kowa, ta zo ta zauna kusa da ita. Suka wuce gidan mai, suka wuce gonakin da ba a fara huɗa ba. Nevenka ta fara ba da haƙuri, maganar ta ƙi fita daidai. Malamar ta tambaye ta lafiyar Zlatko, ta ce ta ji ya yi ciwo. Ta ce ta tuna shi a benci na biyu, yaron da bai iya zama wuri ɗaya ba, ta ce ya kamata a ce yana tare da iyalinsa, babu mai hankalin da zai ce a'a.

Sai da suka kusa gada malamar ta ce, "Kin tuna ranar da na tambaye ki a bakin ƙofa?"

Nevenka ta ce ta tuna.

"A makon ne shugaba ta kira ni. Mai aji biyu ta cikin gari za ta yi ritaya, ta ce in karɓi ajin in ƙarasa shekaruna uku a can. Ta ba ni kwana uku in yi tunani. Na tambaye ki, na koma na ce mata na gode, ina da yarana."

An riga an ba wata yarinya gurbin, sabuwar fitowa daga jami'a. Abin da ya rage wa Malama Smilja shi ne 'yan awanni a ɗakin littattafai da zama da yaran da ke jiran bas bayan an tashi. Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wata. Nevenka ta kifa fuskarta a bayan kujerar gabanta. Malamar ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma matsa ba. Da suka iso ta ce mata ta goge fuska kafin yara su gan ta, ta ce gobe Lovro ya zo da fensir mai kala.

Watanni ukun da suka rage sun yi wa Nevenka tsawo. Babu wanda ya zage ta. Ana amsa gaisuwarta, amma a shago hira na tsayawa idan ta shigo. Milka ta daina turo 'ya'yanta su biyo wa Tena da safe, sukan bi ta ɗaya hanyar. Sau ɗaya Nevenka ta je gidanta, ta same ta tana shanya. Milka ba ta juyo ba. Ta ce ba tafiyar ce ta ƙona mata rai ba, kowa na tafiya, ita ma da tana da inda za ta je da ta tafi. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ita Milka ta riƙe tsani mijinta na kan rufin makaranta cikin sanyi, ita Nevenka na ƙasa tana raba shayi, ta sani. Nevenka ta ce a Janairu aka hau rufin, lokacin ba ta yanke ba. Milka ta ce ta ajiye wannan lissafin ta kai wa kwamiti.

Ta halarci sauran zama biyun. A na Mayu aka tsara bas: ƙarfe bakwai saura kwata zai ɗauki yaran Jasenik uku, su jira rabin awa a gari kafin a buɗe. Ta nemi a ba Kata makulli ta riƙa buɗe musu zauren da wuri lokacin sanyi, aka amince baki ɗaya. A na Yuni ta miƙa takardar ajiye kujerarta. Vinko ya gode mata a madadin kwamiti, aka rubuta. A bakin ƙofa Dinko ya tsayar da ita, ya ce 'yarsa ma tana can shekara shida, jikokinsa ba sa jin yaren gida sosai. Ya miƙa mata hannu, ya kira ta da sunanta. Iyaye suka zaɓi matar mai kantin magani ta cikin gari. Daga ƙauyuka babu wanda ya tsaya.

Ranar ƙarshe ta makaranta an yi abin da aka saba, yara biyar suka yi waƙa, aka ci kek a ƙarƙashin itatuwa. Bayan mako guda motar ƙaramar hukuma ta zo ta kwashe bencina da allo. Ana gobe za su tafi, a Agusta, Malama Smilja ta zo gidansu da ambulan biyu. Ta ce bayanan da ofis ya aika lambobi ne kawai. Ita ta rubuta wa sabbin malamansu wasiƙa, ɗan 'yar'uwarta ya juya mata zuwa Jamusanci, ta sake kwafewa da hannunta harafi-harafi don ba ta yarda da na'ura ba. Ba ta zauna ba, ta ce tana da abu a kan wuta.

A mota Nevenka ta buɗe na Lovro, Zlatko ya fassara mata lokacin da suka tsaya shan mai. Shafi uku ne. An ce bahago ne, a zaunar da shi a gefen hagu na tebur kada gwiwarsa ta riƙa bugun ta abokin zamansa. An ce idan ya yi shiru ba taurin kai ba ne, tsoro ne, a ba shi abin da zai riƙe a hannu sai ya yi magana. An ce ya san sunayen tsuntsaye fiye da malamarsa. Zlatko ya tsaya a tsakiyar shafi na biyu, ya ce bari ya je ya biya, ya daɗe bai dawo ba.

Makarantar can babba ce, hawa uku, yara sun fi ɗari huɗu. Ranar farko Nevenka ta bi layi a ofis, ta miƙa ambulan biyun da 'yan kalmomin da ta haddace. Matar da ke bayan tebur ta yi mata murmushi, ta gode mata, ta huda takardun ta sa kowace a fayil ɗinta, ta mayar da fayilolin cikin kabad. Nevenka ta so ta ce don Allah a ba malamar ajin ta karanta, musamman maganar gefen hagu, amma ba ta da kalmomin, kuma akwai mutane a bayanta. Ta matsa gefe ta ba na bayanta wuri.